Gyaran manhajar karatun likita: daga ina ake farawa, kuma da me ake auna ta?

Sakataren Kwamiti ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da abokan aikina. Ni ƙaramin malami ne a sashen fiziyoloji, wato ilimin yadda gaɓoɓin jiki ke aiki, na wata kwalejin koyon aikin likita a arewacin Najeriya, kuma wata huɗu ke nan da aka naɗa ni sakataren kwamitin da zai sake duba manhajar digirin likitanci, wato MBBS, ba don na fi kowa sanin harkar ba, sai don ni ne mafi ƙarancin shekaru a ɗakin da aka yi naɗin. Abin da ya tilasta kafa kwamitin shi ne tsarin manhajar jami'o'i mai suna CCMAS da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022, wanda ya zayyana kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar a ko'ina, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da ita. A gefe guda kuma ga ƙa'idojin majalisar likitoci ta MDCN, wadda ita ce ke tantance makaranta, ta ƙayyade mata yawan ɗaliban da za ta ɗauka, ta kuma yi wa waɗanda suka kammala rajista.

Mun zauna sau biyar, kuma duk zama a kan rabon sa'o'i yake ƙarewa. Sashen anatomi, masu koyar da siffar sassan jiki, ya ce ba zai saki ko sa'a guda ba, sashen bayokemistiri, masu koyar da sinadaran jiki, ya ce dama can an tauye shi, likitocin ƙwaƙwalwa suna so a ninka musu makonninsu, sashen lafiyar al'umma yana neman ƙarin wata guda a karkara, alhali shekarun karatun shida ne, ba za su zama bakwai don a faranta wa kowa ba. A zama na ƙarshe wani babban malami ya ce mu daina wahalar da kanmu, mu samo manhajar wata jami'a da ta yi suna, mu sauya bangon, mu miƙa wa majalisar jami'a. Na yi shiru saboda girmansa, amma zuciyata ba ta kwanta da shawarar ba.

Tambayata biyu ce. Ta farko, daga ina ya kamata kwamiti irin namu ya fara, idan ba daga jadawalin lacca ba? Ta biyu, wadda ta fi damuna, idan mun gama mun fara aiki da sabuwar manhajar, da me za mu gane ta fi tsohuwar? A yanzu ba mu da abin awo sai yawan waɗanda suka ci jarrabawa, da wata takarda da ɗalibai ke cikewa a ƙarshen zango, wadda ni da idona na taɓa ganin ɗaurinta a ƙasan kabad ba a ko kwance igiyar ba.

Tsohon Likitan Tiyata ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na zauna a irin wannan kwamiti sau uku kafin in yi ritaya, kuma biyu daga ciki a kan rabon sa'o'i suka watse, saboda haka kada ka ɗauka naku ne ya fi kowa taurin kai. Rigimar ta gado ce. A shekarar 1910 wani malamin makaranta Ba'amurke mai suna Abraham Flexner, wanda shi kansa ba likita ba ne, ya fitar da rahoto bayan ya zagaya makarantun likitanci 155 na Amurka da Kanada, ya ba da shawarar a rufe mafi yawansu, a gina ragowar a kan tsarin Jami'ar Johns Hopkins, wato shekara biyu ta kimiyya a ɗakin gwaji, sannan shekara biyu a gaban gadon marar lafiya. A zamaninsa gyara ne babba, domin makarantu da yawa na lokacin kasuwanci kawai suke yi, ba su da ɗakin gwaji, ba su da asibitin koyarwa. Sai dai tsarin ya raba karatun gida biyu, ya kuma ba kowane sashe gonarsa da shingenta. Mu ta hannun Ingila muka karɓi irin wannan rabo, tun da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 ƙarƙashin Jami'ar Landan, makarantun da suka biyo baya, har da ta Zariya a 1967, suka ɗora a kai. Shi ya sa ɗalibinmu yake haddace hanyoyin jijiyoyin hannu a aji biyu, amma ba zai taɓa karyayyen hannu ba sai a aji huɗu, lokacin da haddar ta riga ta zube.

Waɗanda muka kwaikwaya kuwa tuni suka motsa. Jami'ar Western Reserve da ke Cleveland a Amurka ta fara koyarwa bisa tsarin gaɓoɓin jiki tun 1952, inda ake ɗaukar zuciya, alal misali, a koyar da siffarta da aikinta da cututtukanta a dunƙule. Majalisar likitocin Birtaniya kuma a 1993 ta fito fili ta ce an cika wa ɗalibai kai da bayanan da suka wuce buƙata, a rage, a tsayar da jigon da kowa zai sani. Na kawo wannan ne don ka sami abin faɗa ranar da aka ce maka haka aka gada.

Ku ajiye jadawalin tukuna, ku fara da likitan da kuke son fitarwa. Ku kwatanta shi a zuci: ya gama shekarar sanin makamar aiki, an tura shi hidimar ƙasa a babban asibitin wata ƙaramar hukuma, ƙarfe biyun dare ne, babu babban likita a kusa, wayar ma ba lallai ta shiga ba. Me za a shigo masa da shi? Mace mai jijjiga tana kan gwiwa, wata jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, jaririn da bai yi kuka ba, yaron da zazzaɓin cizon sauro ya sumar, mai sikila da ciwon ƙashi, manomin da kububuwa ta sara, wanda ya faɗo daga babur, dattijon da fitsari ya ƙi fita. Kada ku zauna a ofis ku ƙago jerin. Ku tura mutane su buɗe rajistar ɗakin gaggawa da ta haihuwa da ta mace-mace a asibitoci huɗu ko biyar na jihohin da ke kewaye da ku, su ƙirga abin da ya shigo cikin shekara guda. David Kern da abokan aikinsa na Johns Hopkins, da suka tsara matakai shida na gina manhaja a 1998, da wannan suka fara: gano matsala da buƙatar jama'a, sai buƙatar ɗaliban kansu, sai manufofi, sai dabarun koyarwa, sai aiwatarwa, sai kimantawa. Ka lura, jadawali sai a mataki na huɗu da na biyar yake shigowa, ku kuwa da shi kuka buɗe taro.

Idan jerin ya samu, ku kasa shi uku: abin da dole sabon likita ya iya da hannunsa shi kaɗai, abin da zai fara ya daidaita marar lafiya sannan ya tura gaba, da abin da ya isa ya gane shi kawai. Daga nan sai ka koma wurin kowane shugaban sashe, ba da tambayar sa'a nawa yake so ba, da tambayar wane layi na wannan jeri laccarsa take yi wa hidima. Na ga malamin da ya shigo da lacca arba'in ya fita da ashirin da biyar bisa yardar kansa, domin ba a ce masa fanninsa ba shi da amfani ba, an dai roƙe shi ya nuna inda yake amfani.

Kashi 30 ɗin da aka bar muku kuwa, kada ku zuba masa tarkace. Muna da cututtukan da littattafan da ake shigo mana da su ke ba su rabin shafi, alhali su ne ke cika mana gadaje: saran maciji da ya sa aka keɓe asibiti a Kaltungo, yoyon fitsari da ake gyarawa a Babbar Ruga ta Katsina, cutar noma mai cin fuskar yara wadda take da asibitinta a Sakkwato, gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, sanƙarau da ke zuwa da zafin bazara, da mashaƙo da ya dawo Kano da ƙarfi a 2023. Manhajar da aka kwafo daga wata ƙasa ba za ta zo da waɗannan ba. Fitar da ɗalibi zuwa karkara ma ba baƙon abu ba ne a nahiyarmu: Ibadan ta fara kai nata Igbo-Ora tun 1963, Ilorin ta yi suna da shirinta na COBES mai tura ɗalibai koyo a cikin al'umma, Jami'ar Jazira da ke Wad Madani a Sudan kuma ta gina karatunta a kan al'umma tun da ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1978. Ku tambayi waɗannan yadda suka yi da inda suka sha wuya, ya fi muku sauya bango.

Likitar Yara ta amsa:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya share tambaya ta farko, ni ta biyun zan ɗauka. Malam Sakatare, akwai abu biyu da muke yawan cakuɗawa, wato jarraba ɗalibi da auna manhaja, kuma yawan waɗanda suka ci jarrabawa ba ya auna manhaja ko kaɗan, tunda mu muka koyar, mu muka fitar da tambayoyi, mu muka ba da maki. Idan muna son adadin ya hau a bana, sassauta tambayoyi ya wadatar, ba tare da ɗalibi ko ɗaya ya ƙara iya komai ba.

Duk da haka da jarrabawar zan fara, domin a idon ɗalibi ita ce manhajar gaskiya. Idan kuka rubuta a takarda cewa dole ya iya farfaɗo da jaririn da bai numfasa ba, amma a jarrabawa kuka ce ya lissafa dalilai goma da ke hana jariri numfashi, to dalilai goman zai haddace, kuma ba shi da laifi. George Miller ya kwatanta wannan a 1990 da hawa huɗu: ya sani, ya san yadda ake yi, ya nuna a gabanka, ya aikata a bakin aiki. Tambayoyin canki-canka da na dogon rubutu iyakarsu hawa na biyu. Dogon kes da muka saba da shi, inda ake barin ɗalibi da marar lafiya guda na kusan sa'a sannan a zo a yi masa tambayoyi, yana da kyawunsa, amma sa'a ta yi masa yawa: wani ya faɗa a kan mai gwaiwa da ke ba da labari tiryan-tiryan, wani a kan mai cuta uku a haɗe, kuma mai jarrabawar bai ga yadda aka ɗauki labarin ba, bai ga yadda aka taɓa cikin ba, abin da aka karanto masa kawai ya ji. Wannan ne ya sa Ronald Harden da abokan aikinsa a Sikotilan suka bayyana jarrabawar OSCE a 1975, wadda ɗalibai ke zagaya tashoshi, kowace ta minti biyar zuwa goma, kowa ya yi aiki iri ɗaya a gaban mai kallo da takardar maki iri ɗaya. Ban ce a jefar da dogon kes ba. A zauna a kalle shi ana yi, a haɗa shi da tashoshin. Jerin nan na Baba kuma shi ne zai zama taswirar jarrabawa, ta yadda kafin a rubuta tambaya guda an san kaso nawa zai fito daga kowane layi, don kada abin da malami ya fi sha'awa ya cinye takardar. Makin ci na 50 ma al'ada ce, ba wahayi ba; akwai hanyar Angoff, inda malamai ke duba kowace tambaya su kimanta ko ɗalibin da ke daidai bakin iyaka zai iya amsa ta, a tara a fitar da makin da ya dace da wuyar takardar.

Sai auna manhajar kanta. Tsarin da aka fi jin sunansa shi ne na Donald Kirkpatrick, wanda ya fito da shi a 1959 don horon ma'aikata, masu koyar da likitanci suka aro: ko ɗalibai sun gamsu, ko sun koya, ko aikinsu ya sauya, ko marasa lafiya sun amfana. Takardar nan da ka gani a ƙasan kabad matakin farko ce, kuma ba banza ba ce, domin ita za ta gaya muku malamin da ba ya zuwa da ɗakin da ɗalibai talatin ke zagaye gado ɗaya. Laifin shi ne ba a karantawa, kuma ɗalibin da ya cike sau biyu bai ga an gyara komai ba, na ukun layi ɗaya zai ja daga sama har ƙasa. A karanta, a amsa musu a rubuce, ko da amsar ita ce ba za mu iya ba a bana.

Abin da nake roƙonka kada ka bari ya wuce shi ne awon farko. Ajin ƙarshe na tsohuwar manhaja yana nan hannunku yanzu. Idan suka fita ba ku auna abin da suka iya ba, nan da shekara shida ba ku da abin da za ku kwatanta sababbin da shi, sai dai kowa ya faɗi ra'ayinsa, wanda ya fi girma ya yi rinjaye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai kuma dabarar da Jami'ar Maastricht ta Holan ta shahara da ita, inda dukkan azuzuwa suka riƙa zana takarda guda mai nauyin ajin ƙarshe sau huɗu a shekara. Ɗan aji ɗaya zai sami maki kaɗan, amma idan aka jera sakamakon shekaru sai a ga inda ilimi ke hawa da inda yake zubewa. Ko sau ɗaya a shekara kuka iya, ya fi babu. Bayan sun fita kuma ku bi su zuwa shekarar sanin makamar aiki, inda suke yin wata uku-uku a sashen manya da tiyata da yara da haihuwa, ku tambayi manyan likitocin da ke kansu, ku kuma tambayi manyan nas-nas, domin su ne ke ganin wanda hannunsa ke rawa da ƙarfe uku na dare.

A mataki na huɗu sai a yi hattara. Kada ku yi wa majalisar jami'a alkawarin cewa sabuwar manhaja za ta rage mutuwar mata wurin haihuwa, domin tsakanin ajinku da gadon haihuwa akwai jinin da babu, da wutar da aka ɗauke, da motar da ba ta zo ba. Ku yi alkawarin abin da za ku iya aunawa. Ku kuma sa wani ya riƙa ƙirga laccoci da zagayen marasa lafiya da aka yi a zahiri, a gwama da waɗanda aka rubuta, saboda sau da yawa ana yanke wa manhaja hukuncin gazawa alhali ba a taɓa koyar da ita ba.

Malamin Anatomi ya amsa:

Da izinin Baba da Hajiya, bari in yi magana a madadin sashen da ake zargi da rowar sa'o'i. Ban ƙi komai cikin abin da suka faɗa ba, amma ina tsoron kwamiti ya ji sunayen jami'o'in waje ya ɗauko kayan da ya fi ƙarfin wuyansa. Koyarwa ta hanyar warware matsala, wadda Jami'ar McMaster ta Kanada ta fara a 1969, Maastricht ta bi a 1974, a kan ƙananan rukunai take tsayuwa, kowane rukuni da ɗakinsa da malamin da ke jagorantarsa. Ka yi lissafi: aji mai ɗalibi 160, a kasa su takwas-takwas, rukuni ashirin ke nan, ɗaki ashirin da malami ashirin a lokaci guda, sau biyu a mako. Sashenmu malami bakwai ne, kuma mu ne ke koyar da ɗaliban likitanci da na jinya da na gwaje-gwaje da na gashin ƙashi. Ban da haka, bitar binciken da aka wallafa a 1993 ta nuna ɗaliban wannan tsari sun fi jin daɗin karatunsu, suna kuma taɓukawa a asibiti, amma a jarrabawar kimiyyar tushe ba su fi na tsohon tsari ba, wani lokaci ma suna ɗan gazawa. Saboda haka ba maganin komai ba ne.

Haɗaɗɗen jadawali ma yana da rauninsa a ƙasa irin tamu. Idan makon zuciya ya dogara da likitan zuciya ya zo ranar Laraba, aka kira shi ɗakin gaggawa, ko ya sami aiki a ƙasar waje a tsakiyar zango, makon ya karye. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata takwas ya ɗauka, kuma duk wanda ya ga yadda aka matse zanguna bayansa ya san tsarin da ba shi da sarari shi ne ya fara tsagewa. Daniel Stufflebeam, a tsarinsa na kimantawa, kafin ya kai ga sakamako sai da ya sa a duba muhalli da kayan aiki da yadda ake gudanarwa, kuma a ganina wannan ya fi dacewa da mu. Ibadan ta sabunta manhajarta a 2010 zuwa haɗaɗɗen tsari, amma tana da yawan malaman da yawancinmu ba mu da su. Shawarata ku gwada da kashi guda, kamar jini da zuciya, na tsawon makonni shida, ku auna yadda Hajiya ta ce, sannan ku faɗaɗa.

Batun feɗe gawa kuwa ba zan janye ba. Likitan nan na ƙarfe biyun dare da Baba ya kwatanta, watarana shi kaɗai zai buɗe ciki ya ciro jariri, kuma idan bai taɓa ganin inda bututun fitsari ya ratsa kusa da jijiyar mahaifa da idonsa ba, shi zai ƙara wa Babbar Ruga aiki. Na amince dai, tsakanina da Allah, akwai laccocin halittar ɗan tayi da nake bayarwa waɗanda ban san layin da zan ɗora su a jerin Baba ba.

Likita a Karkara ta amsa:

Malamaina, ku yi mini afuwa in sa baki, ni ce wadda ake magana a kanta, domin bara na gama hidimar ƙasa a wani babban asibiti inda mu biyu ne likitoci. A makona na farko aka kawo mutumin da maciji ya sara, na tsaya ina tuno rabe-raben dafi, sai wani tsohon ma'aikacin jinya ya ɗebi jininsa ya zuba a busasshiyar kwalbar gilashi, ya ajiye minti ashirin, ya karkata ta, jinin bai daskare ba, ya ce mini likita a ɗauko maganin dafi. Na taɓa karanta gwajin a layi biyu, ban taɓa ganin an yi ba. Haka allurar magniziyam ta masu jijjiga: na san adadinta har na ci maki da shi, amma ban taɓa zuƙo ta a sirinji na haɗa da hannuna ba sai a daren da mace ke jijjiga a gabana. A littafin da ake sa wa ɗalibi hannu a kan kowane aiki an rubuta na yi, saboda a makon ƙarshe na zama a sashe ake tara littattafan a sa musu hannu gaba ɗaya. Idan za ku auna manhaja da wannan littafi, ku fara gyara yadda ake cike shi.

Abu na biyu shi ne harshe, wanda ban ji an ambata ba. Shekara shida da Turanci aka koyar da mu, da Turanci aka jarraba mu, marasa lafiyarmu kuwa da Hausa suke zuwa, wasu da Fulatanci ko Barbarci. Idan mutum ya ce yana da basir, yana iya nufin tsiro ko zubar jini ko taurin bayan gida ko kasala. Idan mace ta ce sanyi ke damunta, wani lokaci ciwon gaɓɓai take nufi, wani lokaci abin da kunya ta hana ta faɗa. Idan aka ce ciwon shawara ma, ba kullum ake nufin idon ya yi rawaya ba. Abokiyar aikina da ta zo daga kudu da mai shara take tafinta, ni kuwa da nake Bahaushiya ban taɓa gwada yadda ake shaida wa uwa ɗanta ya rasu ba, ko yadda ake shawo kan miji da surukai su sa hannu a yi wa mace aiki kafin lokaci ya ƙure. Wannan yana da wuri a cikin kashi 30 ɗin, kuma yana da wuri a tashar OSCE. Tun da na fita babu wanda ya taɓa tambayata abin da ya amfane ni da abin da na rasa. Ina ganin kwamitinku yana buƙatar kujera guda ta wanda bai wuce shekara biyu da kammalawa ba.

Sakataren Kwamiti ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na shirya takarda mai shafi ɗaya da zan kai wa shugaban kwaleji, ina neman a dakatar da batun sa'o'i, a ba mu wata biyu mu tattaro rajistar asibitoci, a ƙara mana wakili daga tsofaffin ɗalibai, a kuma gwada kashin jini da zuciya kamar yadda Malamin Anatomi ya ce. Abin da ya rage mini shi ne awon farkon da Hajiya ta nanata: ajin ƙarshe saura wata uku su zana jarrabawarsu, ba mu da kuɗin da aka ware, kuma ina tsoron su ɗauka wata sabuwar hanyar kayar da su ce aka ƙirƙiro.

Likitar Yara ta sake amsawa:

Wata uku ya isa, ƙanena, idan ba ka nemi yin abin a-zo-a-gani ba. Tasha goma ta wadatar, a yi su a ɗakin duba marasa lafiya na waje ranar Asabar da ba a aiki a ɗakin, likitocin da ke karatun ƙwarewa su zama masu kallo, ɗaliban aji biyu su zama marasa lafiyar kwaikwayo bayan an horar da su yini guda. Bakwai daga jerin Baba za ka ɗauko su, ukun kuma daga abin da ƙanwarmu ta faɗa: gwajin daskarewar jini na minti ashirin, haɗa allurar magniziyam, da neman izinin tiyata da Hausa daga mijin da ke cewa sai an jira mahaifinsa. Ka adana takardun makin da tambayoyin yadda suke, domin da su za a jarraba ajin farko na sabuwar manhaja. Ka kira shugaban ajin tun wannan makon, ka faɗa masa a gaban 'yan ajinsa cewa makin ba zai shiga sakamakonsu ba, kowa zai karɓi nasa a ambulan shi kaɗai makonni kafin jarrabawar gaske, ka kuma roƙi shugaban kwaleji kuɗin abincin rana na mutum ɗari biyu.